Ƙafar Tanki a Ƙarƙashin Haske

Auta ta danna guntun ƙarfen a kan faifan sanfefa da ke juyawa. Ruwa na zubo masa daga ɗan famfo, yana gangarawa gefe baƙi wuluk. Yayanta na tsaye a bayanta, tabaran walda a goshinsa, yana ta sauya ƙafa.

"Auta, wai duba ƙarfen za ki yi ko wanka za ki yi masa?"

"Yaya, don Allah ka zauna. Ga kujera can."

"Ban zo zama ba. Mutumin nan yana jirana bayan la'asar."

Mutumin da yake nufi shi ne mai wani sabon gidan bene, wanda ya ba Yaya dukan aikin ƙarfen ginin: ƙofofi, tagogi, matakala, da hasumiyar da ake ɗora tankin ruwa. Jiya da rana aka cika tanki, sai ƙafa ɗaya ta ɓalle daga mahaɗarta. Tanki ya zo ƙasa, ya fashe, ya tafi da rabin katanga. Allah ya sa masu fenti sun fita cin abinci. Mai gini ya ce walda ce ba ta kama ba. Yaya ya ce ƙarya ne, ƙarfen da mai ginin ya sayo da kansa ne na banza. Idan magana ta tsaya a kan walda, sauran aikin ya kuɓuce masa ke nan, kuma mai gini mutum ne mai yawan abokai da yawan baki. Shi ya sa Yaya ya saro mahaɗar da ta karye, ya naɗo ta a tsumma, ya kawo wa ƙanwarsa a ɗakin gwajin ƙarafa inda take aiki.

Ita kuwa ba ta taɓa duba wa kowa komai a wannan ɗakin ba. Tun da aka ɗauke ta aiki, shugaban ɗakin, wanda kowa ke kira Yallaɓai, ya ajiye ta a kan faifan guga. Ya ce ta fara sanin ƙarfe da yatsa kafin ta san shi da ido. Maza biyun da aka ɗauka tare da ita sun daɗe da komawa ciki, gaban na'urar nan mai ƙara girman abu, maikuroskof, suna rubuta rahoto. Ita ta fi kowa iya guga, don haka a nan aka bar ta. Sanfefa ta cinye zanen yatsunta, har injin dangwala yatsa na bakin ƙofa ya daina gane ta, kullum sai mai gadi ya buɗe mata da hannu yana dariya. Ba ta taɓa kai ƙara ba, ba ta kuma taɓa roƙo ba. Littafin na'urar dai ta karance shi tas, har shafukan da babu mai buɗawa.

Yau ce rana ta farko da ta tsaya gaban Yallaɓai ta nemi wani abu. Ya dube ta ta saman tabarau, ya dubi tsumman da ke hannunta.

"Ki duba a lokacin hutu," ya ce. "Amma ba takarda, ba hatimi. Ɗan'uwanki ne."

Ta sauya sanfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi, daga nan zuwa faifan ƙyalle. A ƙa'ida kowane mataki sai ta juya ƙarfen, ta goge har sawun na baya ya ɓace. Amma numfashin Yaya na bisa wuyanta, ta tsallake mataki ɗaya. Ta wanke guntun, ta busar da shi, ta ɗaga. Fuskarsa ta yi sumul tana ɗaukar ido.

"Tafɗi!" Yaya ya karɓa ya leƙa. "Ai har gemuna nake gani. Ashe karatun da na yi ta kai ki a bayan babur na yin madubi ne."

"Kar ka sa yatsa a kai!"

"To, Injiniya."

Suka shiga ɗakin ciki. Sanyi ne a wurin, labule a sake, na'urar na zaune a kan tebur cikin rigarta ta leda. Auta ta yaye rigar a hankali. Ta ɗora guntun a kan ɗan dunƙulen yumɓun roba, ta danna shi da matsi har fuskarsa ta kwanta daidai, domin idan ya karkace ko kaɗan, gefe ɗaya zai fito gefe ɗaya ya dushe. Ta kunna fitila. Wani ɗan ɗigon haske ya sauko a kan ƙarfen.

"Ina fitilar ƙasa?" Yaya ya sunkuya yana leƙen gindin teburin na'urar. "Wadda na gani a asibiti daga ƙasa hasken yake fitowa."

"Waccan ta jini ce, haske na ratsa jini. Ƙarfe fa? Nan daga sama yake sauka, ta cikin gilashin da ke kallon ƙarfen. Ya bugi ƙarfen, ya dawo ta hanyar da ya bi, ya shigo idonka. Inda ya yi sumul, haske zai dawo duka, ka ga fari. Inda akwai rami ko tsaga, haske zai watse, ka ga baƙi."

"Wato baƙi muke nema."

"Abin da ke ciki muke nema."

Ta sa ido, ta murɗa har fili ya fito. Fari fat, kamar an shimfiɗa sabon kwano a rana. Yaya ya ture kafaɗarta ya leƙa, nan take ya ja da baya yana murza ido.

"Kai! Wannan ai walda ce ba tabarau. Rage shi mana, ko makantar da ni za ki yi?"

A jikin bututun da ke kawo haske akwai 'yan sanduna biyu, kowace tana buɗe wata 'yar ƙofar haske ko ta tsuke ta. Hannun Auta ya kai kan wadda ta fi kusa, ta ja ta har ƙarshe. Hasken ya yi laushi. Yaya ya sake sa ido, sai kuma ya buga tebur har na'urar ta girgiza.

"Ga su nan! Wallahi ga su nan! Auta, zo ki gani!"

Ta leƙa. Farin filin ya koma toka-toka, kuma baƙaƙen layuka sun ratsa shi daga wannan gefe zuwa wancan, da yawa, kowane da ɗan haske a bakinsa. Ga kuma ɗige-ɗige masu zobe a warwatse.

"Tsaga ce ko ba tsaga ba?" Yaya yana dariya har da tafi. "Ƙarfen duk a tsattsage yake tun daga kamfani! Na faɗa masa, na ce wannan ƙarfen ko ƙara ba ya yi idan ka buga shi. Bari in ɗauka a waya."

Ya kafa wayarsa a bakin gilashin leƙawa yana neman saiti. Wani sanyi ya sauka a ƙirjin Auta. Tun daren jiya da Inna ta kira ta tana cewa yayanta ko abinci bai taɓa ba, abin da take fatan gani ke nan. Yayan nan nata da tartsatsin wuta ya huda duk rigunansa, shi ya tsaya mata lokacin da dangi ke cewa mace da karatun ƙarfe ai ɓata lokaci ne. Ga shi yau karatun ya yi masa rana.

Sai dai da ya janye wayar ta mayar da idonta, wani abu ya tsaya mata a rai. Layukan sun cika kyau. Dukansu miƙe suke sambal, gefe da gefe, kamar an ja su da rula. Ta matsa teburin na'urar a hankali zuwa inda waldar take. Layukan suka bi ta, suka hau kan walda, suka sauka ɗaya gefen, ko lanƙwasa ba su yi ba. Ta taɓa ganin tsagar gaske a makaranta. Tsaga tana tafiya ne kamar saiwa, ta karkata nan, ta yi reshe can. Wace irin tsaga ce za ta ratsa ƙarfe biyu daban-daban ba ta ko waiwaya ba?

Ta dubi hannunta, ta dubi sandar da ta ja. Sai ta ji kunya ta rufe ta.

"Yaya, dakata. Ban saita hasken ba."

"Wane saiti kuma? Ga abu ɓaro-ɓaro."

"Ba da wannan sandar ake rage haske ba. Kuskurena ne. Ka ba ni wuri."

Ta mayar da sandar inda take, ta rage ƙarfin fitilar daga maɓallinta, yadda ya kamata ta yi tun farko. Sannan ta kama ɗaya sandar, mai tsuke faɗin wurin da haske ke sauka. Ta ja ta a hankali. Duhu ya taso daga gefuna ya kewaye filin, har ya rage ɗan fari mai kusurwoyi, kuma ba a tsakiya yake ba, ya zame hagu. Wa ya san tun yaushe yake haka? Ta murɗa 'yan kusoshi biyu na gefe, farin ya tako a hankali ya zauna a tsakiya cif. Ta sake buɗe ƙofar har bakinta ya ɓace daga gani, ta tsaya a nan, domin abin da ya wuce haka haske ne na banza da zai yi ta yawo a cikin bututu yana dusar da hoto.

"Me kike ta murɗe-murɗe ne? Kada ki ɓata musu kaya a ce ni ne."

Ta zare gilashin leƙawa ɗaya gaba ɗaya, ta riƙe shi a hannu, ta leƙa cikin bututun kai tsaye.

"Innalillahi! Kin cire masa ido!"

"Zo ka ga wani abu."

Ya zo yana gunaguni. Can ƙasan bututun akwai wata da'irar haske kamar farin wata a cikin rijiya. Ta ja sandar farko, watan ya tsuke ya koma kamar kan allura. Ta tura, ya buɗe ya cika rijiyar.

"Ɗazu a nan na sa shi," ta ce, ta sake tsuke shi. "Idan ƙofar nan ta yi ƙanƙanta, komai sai ya yi baƙi ya yi kauri. Ƙura ta zama dutse, ƙarzane ya zama rami. Idan kuma ta buɗe duka, komai sai ya wanke, ba ka ganin bambanci. Wurinta yana nan." Ta buɗe har hasken ya ci yawancin da'irar, ya bar ɗan baƙin zobe a gefe.

Ta mayar da gilashin, ta sa ido. Baƙaƙen layukan nan sun koma siraran zare, da ƙyar ake ganinsu. Ɗige-ɗigen masu zobe sun tafi. Yaya ya leƙa, ya ɗago, fuskarsa ta sauya.

"Ina tsagar?"

"Ba tsaga ba ce. Sawun sanfefata ne. Na yi gaggawa, na tsallake mataki."

Faɗin hakan ya fi mata ciwo fiye da yadda ta zata. Abu ɗaya da duk ɗakin suka yarda ta fi kowa iyawa, shi ne ta yi wa ha'inci yau.

"Mayar da shi yadda yake ɗazu."

"Ko na mayar, sawun sanfefa ne."

"Ke kika ce. Ni idona ya ga tsaga. Auta, ni ne fa. Wa zai san wata sanda a jikin wani bututu? Mutumin nan ko sunan na'urar bai sani ba."

"Ni na sani."

"Au, haka ne? Yau kuma ni za a yi wa boko?"

Ta ciro guntun daga kan yumɓun, ta miƙe. Ta dube shi ido cikin ido.

"Zan sake goge shi, a gicciye wannan karon. Idan tsaga ce, tana nan inda take, ko kwana zan yi ina guga. Idan sawuna ne, zai tafi. Ka zo ka tsaya a kaina, kada ka ce na yi wani abu."

Ya biyo ta. Wannan karon ba ta yi sauri ba. Ta bi matakan ɗaya bayan ɗaya, tana juya guntun, tana ɗagawa tana dubawa a hasken taga. Ruwa ya jiƙa bakin hannun rigarta. Da ta gama, ta ɗiga masa wani ruwan asid mai rauni, ta jira har ƙyallin ya ɗan dushe, ta wanke, ta busar.

"Wannan kuma na mene ne?" ya tambaya can ƙasan maƙoshi. Fushi yake, amma son sani ya fi ƙarfinsa.

"Yana fito da ƙwayoyin ƙarfen. Za ka gani."

Da ta sake sa ido a na'urar, sai da ta manta da Yaya, ta manta da mai gini. Babu layi ko ɗaya. A maimakonsu ga ƙarfen ya buɗe kamar ƙasar fadama da ta bushe, ƙwayoyi farare manne da juna, da 'yan baƙaƙe a tsakaninsu, duk girmansu kusan ɗaya. Lafiyayyen ƙarfe ne, ba na alfarma ba, amma ba abin da ya same shi. Ta matsa teburin. Kusa da walda ƙwayoyin suka ƙara girma, inda zafi ya taɓa su. Sannan waldar kanta, ƙwayoyinta dogaye, duk sun miƙe sun fuskanci wuri ɗaya kamar ciyawar da ruwa ya kwantar. Dubban guntaye sun bi ta hannunta zuwa wannan ɗakin, ashe abin da ke cikinsu ke nan.

Ta bi bakin waldar zuwa ƙasa, inda ya kamata narkakken ƙarfe ya shiga cikin ƙafar tankin su zama abu ɗaya. Daga sama sun haɗu. Da ta gangara, sai wani baƙin layi ya ɓullo tsakaninsu, mai kauri, mai karkace-karkace, da wani abu kamar gawayi cushe a ciki. Ta buɗe ƙofar hasken kaɗan, yana nan. Ta tsuke, yana nan. Ta murɗa sama da ƙasa, ta ga yana da zurfi.

Ta janye kanta, ta tashi daga kujerar, ta ba shi wuri.

Yaya ya cire tabaran waldar daga goshinsa, ya ajiye a tebur, ya zauna. Ya daɗe a sunkuye.

"Waɗannan fararen, ƙarfen ne?"

"Shi ne."

"Dogayen nan kuma tawa ce."

"Taka ce."

"Ta ina ake matsawa?"

Ta ɗora yatsunsa a kan abin murɗa teburin. Hannun da ya saba da guduma ya murɗa da ƙarfi, hoton ya gudu. Ya yi tsaki, ya dawo a hankali, har ya iso wurin. Ba sai ta nuna masa ba.

"Kashin walda ne a ciki, dattin da ya kamata ya taso sama," ya ce, kamar da kansa yake magana. "A kai kawai ta kwanta. Ba ta ci ƙarfen ba." Ya sake matsa teburin. "Ikon Allah. Daga waje kuwa kin ga yadda ta yi kyau? Kamar an yi kitso."

Ƙofa ta buɗe, Yallaɓai ya shigo da kofin shayi a hannu. Yaya ya yi zumbur zai tashi, ya yi masa alama ya zauna, sannan ya sunkuya ya leƙa ta gefensa. Ya ɗan daɗe.

"Wa ya mayar da ƙofar hasken nan tsakiya?"

"Ni ce, Yallaɓai."

"Hm." Ya kurɓi shayinsa, ya dubi Yaya. "Wuta ce ta yi maka kaɗan, malam." Ya fita abinsa.

Yaya ya bi ƙofar da kallo. Ya shafa fuskarsa da tafin hannu biyu.

"Ranar babu wuta a wurin," ya ce. "Babban injina yana wajen gyara. Na ɗauki ƙaramin janareto, ina ji sandar walda tana manne wa ƙarfe, ina ji tana tari. Na ce ai zan bi ta sau biyu." Ya juyo ya dube ta, idanunsa sun yi ja. "Da kin bar shi a yadda yake ɗazu, da yanzu ina hanya da farin cikina."

"Na sani, Yaya."

"Taurin kai kamar na Baba."

"Kai ka goya ni, ai a wurinka na ɗauka."

Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba. Sai kuma ya tsaya cak, hannunsa a kan tabaran da zai ɗauka.

"Auta. Hasumiya biyu na yi a ranar. Akwai ta bayan gida, wajen ɗakin mai gadi."

"An ɗora mata tanki?"

"Jiya da yamma na ga suna ja mata bututu."

Ya laluba aljihu, ya ciro waya, ya danna lambar mai gini. Auta na jin ƙarar shigar kiran a cikin shirun ɗakin. Da aka ɗauka, muryar mai gini ta fito da faɗa tun kafin gaisuwa. Yaya ya bar shi ya kai aya.

"Ranka ya daɗe, duk na ji. Yanzu dai ka sa a kashe famfon tankin baya, idan da ruwa a ciki a zubar. A ce wa mai gadi ya kwashe iyalinsa daga wajen. E, yanzu-yanzu." Ya saurara. "A'a, ƙarfenka lafiya lau yake. Ina zuwa da babban inji, zan sare ƙafafun duka in sake."

Ya kashe wayar, ya mayar da tabaran goshinsa. Har ya kai bakin ƙofa, ya dawo, ya sake sunkuyawa ya leƙa na'urar, ya daɗe kamar mai son haddace abin da ke ciki.

"Idan na sake waldar," ya ce, bai ɗago ba, "zan yi wata a gefe da irin wutar, in saro miki. Ki goge ta sosai, ban da gaggawa."